Awon Fili Mai Lungu da Saƙo: Yadda Ake Gane Girman Haɗaɗɗun Siffofi

Gabatarwa

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan magana gaskiya ce a gaban tsibin dawa ko ƙwaryar gero, sai dai idan aka zo batun fili, ido yakan yaudari mai shi ƙwarai da gaske. Gonaki biyu suna iya zama kunnen doki a ido, alhali ɗaya ta ninka ɗaya. Da yawa daga cikin rigingimun da kan raba 'yan'uwa wajen rabon gona, ko su haɗa mai saye da mai sayarwa a gaban alƙali, tushensu bai wuce rashin sanin ainihin girman filin da ake magana a kai ba.

A makaranta an koya mana yadda ake lissafa girman siffofi masu sauƙi, irin su murabba'i da alwatika da da'ira. To amma da wuya mutum ya tarar da gona ko tsakar gida da ta fito sak kamar zanen da ke cikin littafi. Nan hanya ta gutsure kusurwa, can rafi ya lanƙwasa iyaka, ga kuma ɗakin girki ya cinye wani lungu. Irin waɗannan su masana lissafi ke kira haɗaɗɗun siffofi, wato siffofin da idan aka lura da kyau za a ga ƙananan siffofi ne aka harhaɗa suka tashe su. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu cewa dabara guda ce tak ke warware su duka: a yanka filin da ba a san girmansa ba zuwa gutsattsarin da aka san yadda ake lissafa su.

Girman Fili Daban, Kewaye Daban

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Kewaye shi ne tsawon iyakar fili, wato yawan wayar da za a saya idan za a zagaye shi da shinge. Girman fili kuwa shi ne yawan sararin da ke cikin iyakar, wato abin da za a shuka ko a daɓe da siminti. Da mita ake auna kewaye. Shi kuwa girman fili da murabba'in mita ake auna shi, ma'ana ɗan fili mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa ma mita ɗaya. Murabba'in mita 10,000 shi ne hekta ɗaya, eka ɗaya kuwa kimanin murabba'in mita 4,047 ce. Fulotin nan da aka saba yankawa a garuruwanmu, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, ya kai kimanin murabba'in mita 465.

Bari mu ɗauki gonaki uku, kowace idan aka zagaye ta za a yi tafiyar mita 400. Ta farko mita 100 ce ta kowane gefe, girmanta 100 × 100, wato murabba'in mita 10,000, hekta guda cur. Ta biyu tana da tsawon mita 150 da faɗin mita 50, girmanta 7,500. Ta uku siririya ce, mita 180 da mita 20, girmanta 3,600 kacal. Wanda ya sayi ta ukun bisa hujjar cewa ya taka iyakarta ya ji daidai da ta farko, ya yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na kuɗinsa.

Wannan kuskure ya daɗe a duniya. Masanin tarihin Girka mai suna Folibiyas, wanda ya rayu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koka da cewa mutane suna hukunta girman birni da tsawon kewayensa. Ya kafa hujja da biranen Megalofolis da Isfata: kewayen na farko ya ɗan ɗara na biyu, amma duk da haka Isfata ta ninka Megalofolis girma.

Asalin Wannan Ilimi

Kalmar jometiri, wadda ita ce sunan wannan reshe na lissafi, daga harshen Girka ta fito, kuma ma'anarta awon ƙasa. Hirodotas, wani masanin tarihin na Girka, ya ba da labarin cewa a Masar aka fari wannan ilimi, domin idan Kogin Nilu ya yi ambaliya ya cinye wani ɓangare na gonar mutum, sarki kan aika a auna abin da ya ragu don a rage masa haraji daidai gwargwado. Ashe ke nan tun asali neman adalci ne ya haifi awon fili. A ƙasar Kano ma an ga makamancin haka a farkon ƙarni na 20, sa'ad da Turawan mulkin mallaka suka shigo da tsarin harajin da aka sani da taki, inda ake tura malamai su auna gonaki da takun ƙafa, sannan a yanka wa manomi haraji gwargwadon girman gonarsa.

Akwai wata tsohuwar takarda ta Masar da wani magatakarda mai suna Ahmis ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani mutumin Sikotilan mai suna Rhind ya saye ta a birnin Luksor a 1858, kuma tana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. A cikinta akwai tambayoyi kan girman gona mai siffar alwatika da mai siffar da'ira, tare da amsoshinsu. A duniyar Musulmi kuwa, Muhammad bin Musa Alhawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekara ta 820 Miladiyya. Ya keɓe babi guda ga awon fili, sannan ya ba da babban kaso na littafin ga lissafin gado da wasiyya. Haɗuwar waɗannan batutuwa biyu a littafi ɗaya ba za ta ba manomi mamaki ba.

Tubalan Gini Huɗu

Kamar yadda magini ke tayar da kowane irin ɗaki da tubali iri ɗaya, haka mai awo ke buƙatar siffofi huɗu kawai.

Na farko shi ne mustaɗili, wato siffa mai gefe huɗu da kusurwoyi huɗu masu digiri 90, irin ta ƙofa ko tabarma. Girmansa shi ne tsawo sau faɗi. Dalili kuwa a fili yake: ɗakin da ke da mita 4 da mita 3 zai ɗauki layi uku na murabba'ai huɗu-huɗu, jimla 12. Murabba'i shi ma mustaɗili ne wanda tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya.

Na biyu alwatika, mai gefe uku. Idan aka yanka takarda mai siffar mustaɗili daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, za a sami alwatika biyu masu girma ɗaya. Saboda haka girman alwatika shi ne rabin gindi sau tsayi. Abin lura a nan shi ne, tsayin da ake nufi shi ne layin da ya sauko daga ƙololuwa ya faɗo a tsaye kyam a kan gindi, ba gefen da ya jingina ba.

Na uku tirafiziya, siffa mai gefe huɗu wadda biyu daga cikin gefunanta suke tafiya a jere ba sa haɗuwa, kamar layin dogo, amma ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ana haɗa tsawon waɗannan gefuna biyu, a raba biyu, sannan a ninka da tazarar da ke tsakaninsu.

Na huɗu da'ira. Ana auna tazarar da ke tsakanin tsakiyarta da bakinta, wato rabin faɗinta, a ninka wannan adadi da kansa, sannan a ninka da wata lamba da ake kira fai, wadda ta kai kimanin 3.14 ko 22/7.

Hanyar Tarawa da Hanyar Ɗebewa

Yanzu sai mu gwada. A ce maigida yana son ya daɓe tsakar gidansa da siminti. Tsawon wurin mita 12 ne, faɗinsa mita 10, amma a kusurwa ɗaya an gina ɗakin girki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. Abin da ya rage ya zama siffa mai gwiwa, mai gefe shida, wadda babu wata ƙa'ida tata ta kanta a littafi.

Hanya ta farko ita ce tarawa. A ja layi daga bangon ɗakin girkin ya ratsa tsakar gidan, sai a sami mustaɗili biyu. Babban yana da mita 12 da mita 6, girmansa 72. Ƙaramin, wanda ke gefen ɗakin girkin, yana da mita 7 da mita 4, girmansa 28. Jimla murabba'in mita 100. Mai karatu zai lura cewa lambobin 6 da 7 ba a ba mu su ba, mu muka samo su: 10 a ɗebe 4, da kuma 12 a ɗebe 5. Gano tsawon gefen da ba a faɗa ba shi ne rabin aikin a irin wannan lissafi.

Hanya ta biyu ita ce ɗebewa. A ƙaddara ɗakin girkin ba ya nan, a lissafa wurin gaba ɗaya: 12 × 10 = 120. Sannan a cire girman ɗakin, 5 × 4 = 20. Saura 100. Da za a ja layin ta ɗaya fuskar, a sami mita 7 da 10 a gefe guda, mita 5 da 6 a ɗaya gefen, 70 da 30 za a samu, wato 100 dai har wa yau.

Wannan daidaituwa ba sa'a ba ce. Ita ce ginshiƙin da dukan wannan ilimi ya tsaya a kai: yanka fili ko sauya wa gutsattsarinsa wuri ba ya ƙara masa girma, ba ya kuma rage shi, muddin ba a bar giɓi ba kuma wani yanki bai hau kan wani ba. Tela ya san haka, domin ƙyallen da ya yanka ya mayar riga bai ƙaru da komai ba. Masana sun kai wannan magana ƙarshenta. A 1807 William Wallace na Sikotilan ya tabbatar da cewa duk siffofi biyu masu miƙaƙƙun gefuna da girmansu ya zo ɗaya, ana iya yanyanka ɗaya a sake jera gutsattsarin su tashi ɗayar. Bolyai da Gerwien su ma sun kai ga wannan sakamako a shekarun 1830.

Kafin mu bar tsakar gidan nan, mai karatu ya zagaye ta da awo: 12 da 6 da 5 da 4 da 7 da 10, jimla mita 44. Kewayen wurin kafin a gina ɗakin girki ma mita 44 ne. Kewaye bai canza ko da taƙi ɗaya ba, amma murabba'in mita 20 sun tafi.

Gona Mai Gefe Huɗu Marasa Daidaito

Mu fita daga gida mu nufi gona, inda matsalar ta fi tsanani. A ce wasu 'yan'uwa biyu sun gaji gona, kuma rabonsu daidai ne. Suka auna iyakokinta da igiya: arewa mita 130, gabas mita 140, kudu mita 90, yamma mita 120.

Abin da mutane da yawa kan yi shi ne su haɗa arewa da kudu su raba biyu, su sami 110, su haɗa gabas da yamma su raba biyu, su sami 130, sannan su ninka: 110 × 130 = 14,300. Wannan dabara tsohuwa ce ainun, domin an same ta a rubutun da ke bangon haikalin Edfu na Masar, wanda aka fara ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa. Aibinta shi ne ba ta ba da amsa daidai sai idan filin cikakken mustaɗili ne. A duk sauran siffofi takan ƙara wa fili girman da ba shi da shi, ba ta taɓa ragewa.

Mai karatu na iya ganin dalilin haka da idonsa. Ya sami kara huɗu ya ɗaure bakunansu su yi siffa mai gefe huɗu, sannan ya danna kusurwa ɗaya. Zai ga siffar ta karkace, sararin cikinta ya tsuke, alhali tsawon karan bai canza ba. Ya sake gwadawa da kara uku, zai tarar ko motsi ba sa yi. Ma'ana, sanin gefe huɗu bai isa ya bayyana girman fili ba, amma sanin gefe uku na alwatika ya wadatar. Shi ya sa mai awo na ƙwarai ba ya barin gona sai ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta.

'Yan'uwan nan suka ja igiya daga kusurwar arewa maso yamma zuwa ta kudu maso gabas, suka sami mita 150. Yanzu gonar ta zama alwatika biyu: ɗaya mai gefe 130, 140 da 150, ɗayar mai gefe 90, 120 da 150.

Auna tsayin alwatika a cikin gona yana da wuya, amma akwai mafita. Hiron na Iskandariyya, wanda ya rayu a ƙarni na farko Miladiyya, ya rubuta wata ƙa'ida da ke ba da girman alwatika daga gefunanta uku kawai. Da farko a haɗa gefunan a raba biyu: 130 + 140 + 150 = 420, rabinsa 210. Sai a ɗebe kowane gefe daga 210, a sami 80 da 70 da 60. A ninka lambobin huɗu: 210 × 80 × 70 × 60 = 70,560,000. A ƙarshe a nemi tushen murabba'in wannan adadi, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi. Amsar ita ce 8,400, kuma ƙaramar na'urar lissafi ko wayar hannu za ta fitar da ita nan take. Wannan alwatika ƙanwar wadda Alhawarizmi ya yi misali da ita ce, mai gefe 13, 14 da 15, wadda girmanta 84 ne.

Alwatika ta biyu ta fi sauƙi. Gefunanta 90, 120 da 150 ninki talatin ne na 3, 4 da 5, awon da magina ke amfani da shi wajen fitar da kusurwar gini mai digiri 90. Don haka gefen kudu gindi ne, gefen yamma tsayi: rabin 90 × 120, wato 5,400. Jimlar gonar ke nan 8,400 + 5,400 = murabba'in mita 13,800, ko hekta 1.38.

Tsohuwar dabara ta ba da 14,300. Bambancin murabba'in mita 500 ne, wato fiye da fuloti guda. Da sayar da gonar aka yi bisa wancan lissafi, da mai saye ya biya kuɗin fulotin da babu shi a doron ƙasa.

Yadda Za a Raba Ta Daidai

Saura rabo. Kowane daga cikin 'yan'uwan ya cancanci 6,900. Idan aka ce a bi igiyar da aka ja a tsakiya, ɗaya zai tashi da 8,400, ɗaya da 5,400, kuma daga nan zumunci ya fara tsami. Abin da ake bukata shi ne a yanko 1,500 daga babbar alwatika a ƙara wa ƙaramar.

Ga yadda za a yi. A ɗauki gefen gabas, mai mita 140, a matsayin gindin babbar alwatika, kusurwar arewa maso yamma kuwa ƙololuwarta. Tun da mita 140 na gindi sun ba da 8,400, kowace mita ɗaya ta gindin tana ɗauke da murabba'in mita 60. Don a sami 1,500 sai a raba shi da 60, a sami mita 25. Saboda haka a auna mita 25 a kan iyakar gabas, farawa daga kusurwar kudu maso gabas zuwa arewa, a kafa turke. Miƙaƙƙen layi daga kusurwar arewa maso yamma zuwa wannan turke shi ne sabuwar iyaka. Mai ɓangaren arewa ya sami mita 115 na gindi sau 60, wato 6,900. Mai ɓangaren kudu ya sami 5,400 da 1,500, shi ma 6,900. Igiya da turke da ɗan lissafi sun kashe wutar da ka iya ci har jikoki.

Tilas a faɗa cewa lissafi girman fili kaɗai yake aunawa. Bai san wane ɓangare ne ya fi albarka ba, ko wanne ya fi kusa da hanya ko ruwa. Wannan aikin dattawa ne da masu rabo. Amma shawararsu takan fi inganci idan sun fara da adadin da kowa ya yarda da shi.

Idan Iyaka Ta Lanƙwasa

Ba kullum iyaka ke miƙewa ba. A ce a cikin gonar nan akwai wani kududdufi zagayayye mai faɗin mita 14, kuma ana son a san filin da za a iya nomawa domin sayen iri da takin zamani. Rabin faɗinsa mita 7 ne. 7 × 7 = 49, sau 22/7 ya ba da 154. A ɗebe daga 13,800, saura 13,646. Haka za a yi da rijiya ko rumbu ko zagayayyen ɗaki a tsakar gida. Taga ko ƙofa mai baka a sama kuwa tarawa ake yi: mustaɗili a ƙasa, rabin da'ira a bisa.

Ita kanta ƙa'idar da'ira daga yanka aka samo ta. Idan aka yanka da'ira siri-siri daga tsakiya, kamar yadda ake yanka kankana, kowane yanki ya kusa zama alwatika. A jera su kai da ƙafa, sai su tashi siffar da ta kusa zama mustaɗili, wadda tsawonta rabin kewayen da'irar ne, faɗinta kuma rabin faɗin da'irar. Arkimidis na Sirakus, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi amfani da siffa mai gefe 96 a ciki da wajen da'ira, ya nuna cewa fai ta fi 3 da 10/71 amma ba ta kai 3 da 1/7 ba. Shi kuwa Ahmis na Masar, ƙa'idarsa ita ce a ɗebe kashi ɗaya cikin tara na faɗin da'ira a ninka saura da kansa. Da'ira mai faɗin 9 ta ba shi 64, alhali amsar gaskiya kimanin 63.6 ce. Kusancin ya isa abin jinjina.

To yaya za a yi da fadamar da rafi ya yi wa iyaka, wadda bakinta ba da'ira ba ne, ba kuma miƙaƙƙe ba? Nan tirafiziya ke da rana. A ja miƙaƙƙiyar igiya a gefen tudu, a ce mai tsawon mita 40, a kafa turke bayan kowace mita 10. Daga kowane turke a auna kai tsaye zuwa bakin rafin. A ce an sami mita 6, 10, 12, 9 da 5. Kowane yanki tsakanin turaku biyu ya kusa zama tirafiziya mai faɗin mita 10. Na farko: 6 da 10, rabinsu 8, sau 10, ya ba da 80. Na biyu 110, na uku 105, na huɗu 70. Jimla murabba'in mita 365. Wannan kintace ne, amma gwargwadon yadda aka matso da turakun kusa da juna, gwargwadon yadda amsar ke matsowa kusa da gaskiya. Wannan tunani na yanka siri-siri shi ne ƙofar babban reshen lissafi da ake kira kalkulas, wanda ɗaliban kimiyya ke karantawa a jami'a.

Ramukan da Ake Yawan Faɗawa

Akwai kurakurai huɗu da ya kamata a kiyaye. Na farko, cakuɗa ma'auni: a auna gefe ɗaya da ƙafa, ɗaya da mita, sannan a ninka. Haka nan a tuna cewa santimita 100 ke yin mita, amma murabba'in santimita 10,000 ke yin murabba'in mita ɗaya. Na biyu, ɗaukar gefen alwatika da ya jingina a matsayin tsayinta, abin da kan kumbura amsa. Na uku, lissafa wani yanki sau biyu ko mance wani lungu. Maganin wannan shi ne a zana filin a takarda, a sa wa kowane yanki lamba, a riƙa soke shi idan an gama da shi. Na huɗu, mance gangara: rufin kwano mai tudu ya fi daɓen ɗakin da ya rufe girma, saboda haka kafinta yakan auna tsawon gangaren rufin ne, ba faɗin ɗaki ba. A wajen ƙasa kuwa akasin haka ne, domin girman da ake rubutawa a taswira na shimfiɗaɗɗen fili ne, kamar yadda tsuntsu ke hango shi daga sama.

A yau akwai wayoyin hannu da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, mutum ya zagaye gona da su su faɗa masa girmanta. Abin da na'urar ke yi a ɓoye bai wuce abin da muka yi a nan ba: tana riƙe matsayin kusurwoyi, ta tara wasu yankuna ta ɗebe wasu. Sai dai wayar talaka tana iya kuskuren 'yan mitoci a kowace kusurwa, kuskuren da ba zai dami mai hekta hamsin ba amma zai cuci mai fuloti guda. Batun takardar mallaka kuwa, wannan aikin ƙwararren safiyo ne mai lasisi.

Kammalawa

Mun ga cewa babu filin da ya gagari awo, komai yawan lungunansa. A zana shi, a yanka shi zuwa mustaɗili da alwatika da tirafiziya da da'ira, a tara abin tarawa, a ɗebe abin ɗebewa, sannan a sake lissafin ta wata hanya don a tabbatar amsa ta zo ɗaya. Kada a amince da kewaye, kada kuma a bar gona mai gefe huɗu ba a ja mata igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ba.

Muna kira ga malaman lissafi na firamare da sakandare da su riƙa fitar da ɗalibai daga aji, su ba su igiya da tef su auna filin makaranta, domin yaron da ya ja igiya da hannunsa ba ya mance ƙa'ida. Shi kuma mai karatu, ga ɗan aiki: ya auna tsakar gidansu ta hanyar tarawa, ya sake aunawa ta hanyar ɗebewa. Idan amsoshin biyu suka yi daidai, to ya kama hanya. Idan suka saɓa, akwai wani lungu da ya ɓuya masa, sai ya koma ya nemo shi.